Otal Ɗin da Na Zaɓar wa Inna

Daren jiya ina kwanciya wani mafarki ya ɗauke ni, ya dire ni a wani birni na bakin teku, ni da mahaifiyata Inna Kande. Ina sanye da shaddata mai ruwan zuma, wadda ba kowace sallah nake fito da ita ba. Na san abin da ya kawo mu: zan sauke Inna a otal mafi ƙasaita a garin, ko Allah zai sa ta yaba mini. Ni ne ɗanta na fari, don haka tunda nake ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta ce na yi abin kirki. "Wancan" nake a wurinta, in ta ji daɗi kuma "mutumin nan". Na san kunyar ɗan fari ce, amma abin yana ci mini rai.

A garin nan otal-otal ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kiwo suke yi a kan rairayi, kowane da igiya a wuya, kamar raguna a kara ana gobe layya. Dillalinsu wata ƙaguwa ce mai jar hula, tana tafe a kaikaice.

"Alhaji, na kwana kake so ko na kece raini?"

"Na kece raini," na ce. Na kuma ji daɗi da ta gane irina da ganin farko.

Ta janyo mini wani dogo. Na buɗe bakinsa na duba tagogi, na tarar biyu sun zube, na ce wannan ya tsufa. Ta janyo wani fari tas, na shafa gadon bayansa na ji ba kitse, da aka kunna masa na'urar sanyi kuma sai ya fara tari. Na karkaɗe hannuna. Ni ɗan Tanko Mai Raguna ne, ba a haɗa ni da mara lafiya.

Can gefe wani yana tsaye shi kaɗai, ƙafafunsa cikin ruwa, yana tuƙa a hankali. Gilashi ne tun daga kofato har ƙaho, bishiyoyin kwakwa suna yi masa fifita.

"Wancan ba ya karɓar kowa," in ji ƙaguwa. "Shekaranjiya ya tunkuyi wani attajiri."

"Shi nake so."

Sai ga mu a cikinsa. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa rufi, ma'aikata kowa ya taka lemarsa yana wucewa. Kowane ɗaki da nasa yankin teku a bakin taga, wasu mata suna bin igiyar ruwan da dutsen guga don kada baƙi su gan ta a yamutse. Na saci kallon Inna in ga ko abin ya burge ta. Tana gyara mayafi ne kawai.

Mai karɓar baƙi wani bunsuru ne da tabarau. Ya wuce ni da ido ya dubi Inna.

"Hajiya, sannu da zuwa. Wa ya kawo ki?"

"Ga shi nan tsaye," in ji Inna, ta kau da kai.

"Suna, Hajiya. A nan ba a ba da makulli sai baƙuwa ta faɗi sunan wanda ya kawo ta, da bakinta."

Na matsa na ce, "Jatau ne sunana."

"Ba kai aka tambaya ba," ya ce, ya tsinke mini bakin hannun riga ya tauna.

Otal ɗin ya fara kartar ƙasa. Duk wanda ya san dabba ya san abin da ke biyo bayan wannan. Baƙi suka taru, wasu manyan kifaye cikin manyan riguna, suna jiran su ga an watso mu waje.

"Inna, don Allah," na ce ƙasa-ƙasa. "Sau ɗaya tak."

"Kai, ba ka da ta ido ne? A gaban jama'a?"

Daga nan ta juya ga bunsurun, ta dafa teburinsa.

"Ɗan nan, ashe gyatumarka ba ta koya maka komai ba? Sunan dai ba zan faɗa ba, ko da a tsaye za mu kwana. Amma wanda ya kawo ni, ni na goya shi, kuma duk faɗin garinmu ba wadda ta haifi kamarsa. In ɗakinku ya fi ƙarfinmu, ku riƙe abinku."

Otal ya daina karta, ya durƙusa. Bunsuru ya cire tabarau, ya miƙa wa Inna makullin ɗakin da ke can ƙololuwa da hannu bibbiyu. Ni kuwa sai na ji ina tsawo. Na wuce bene na farko, na wuce na biyu, har hulata ta taɓa rufi, kifaye suna ɗaga kai suna cewa ranka ya daɗe. Tunda nake ban taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Ina cikin tsawon nan injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi. Na buɗe ido na gan ni a ɗakina, rana har ta fito. A tsakar gida na ji Inna tana tambayar matata, "Mutumin nan bai tashi ba har yanzu?"

"Na'am, Inna!" na amsa da ƙarfi, kamar sunana ta kira.