Launin Fatar Lenore

Ranar Talata Delphine ta jera zanukan a bango bisa shekarunsu, daga ranar kuma hankalin Orrin Vasko bai sake kwanciya ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zana mace guda tsirara, a wani ɗaki da ke saman tsohuwar masana'antar takalma a Milwaukee. Matarsa ce, Lenore. Lokacin da take raye babu gidan baje kolin da ya kalle shi, wai zamanin da namiji zai tsaya da burushi yana ƙare wa jikin mace kallo ya wuce. Da ta mutu sai ga Delphine, mai gidan baje koli a bakin kogi, ta gano cewa ashe soyayya ce. Zanukan dai su ne na jiya, gawa ce kawai ta ƙaru.

"Dube su, dattijo," in ji Delphine. "Daga ƙuruciya har ƙarshe. Sai an share hawaye da tsumma a ɗakin nan."

Bai taɓa ganinsu a jere ba, a jingine yake ajiye su, fuska a bango. Yanzu kuwa ko makaho ya shafa zai gane: a biyar ɗin ƙarshe fatar Lenore tana rinewa zuwa rawaya, kowane ya fi na bayansa. Kuma ƙarƙashin kowanne Delphine ta liƙa 'yar takarda mai wata da shekara.

"Cire biyar ɗin nan," ya ce.

"Ka sha wani abu ne? Ai su ne baje kolin."

"To, gauraya su. Ko ki cire kwanan watan."

"Orrin, je ka yi aski. Jumma'a za a buɗe, ka yi kama da wanda ya kwana a tasha."

Jumma'ar ce matsalar. Ranar ce 'yarsu Greta za ta zo daga Duluth, ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Tana tsaye a asibiti watan Agusta, lokacin da likita ya ce ciwon daji ne ke damun Lenore kuma ya yi nisa, ya tambaya tun yaushe rawayar shawara ta bayyana a jikinta. Orrin ya ce bai lura ba. Shi da ya ƙarar da fentin rawaya na shekara guda cikin wata biyu. Shi da ya matsar da salatif ɗin da yake liƙawa a kujera don alamar inda za ta zauna, har sau biyu, saboda ta daina cika wurin.

Ranar Alhamis ya zo da fenti da burushi a aljihun kwat, da niyyar ya ɗan shafa ja-ja a kai. Ya tsaya gaban na watan Maris har ƙafarsa ta yi tsami. Launin daidai yake. Ya koma gida bai taɓa komai ba, yana zagin kansa a mota.

Ranar Jumma'a Greta ta iso da la'asar, kafin baƙi. Ta bi bangon a hankali, jakarta a kafaɗa, har ta yi dariya a gaban wani na da.

"Mama da wannan gashin! Wa ya cuce ta?"

Sai ta kai ƙarshen layin. Ta matsa kusa, ta duƙa ta karanta takardar.

"Baba, wannan na Maris ne."

"Na Maris ne."

"Har cikin farin idonta ka sa."

"Haka yake a wurin."

"Wata biyar, Baba. Ka ce wa likita ba ka lura ba."

Ya so ya yi mata bayani. A sana'arsu, da zarar wadda za a zana ta ajiye riga, ba a cewa uffan game da jikinta. Ɗaga haɓa, juyo kaɗan, huta, shi ke nan. Lenore da kanta ta gindaya masa wannan tun ranar farko, kafin aure: kar ka ce na yi kyau, kar ka ce na rame, ka zana ka rufe baki. Bai taɓa karya dokar ba, har alfahari yake da haka.

"Ita ta gani?" Greta ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Kullum in mun gama sai ta ɗaura rigarta ta zo ta duba."

"Ta ce me?"

"Ta ce na kama launin."

Greta ta gyara jakarta. Daga ƙofa Delphine tana kiran su zo a ɗauki hoto. Greta ta wuce ta gefenta ta fita titi, ba ta waiwayo ba.

Orrin ya tsaya gaban na Maris. Maganar da ya kamata ya yi wa Lenore ba ta da tsawo. Kowace safiya a watannin nan biyar ya hau matakalar ɗakin yana maimaita ta a zuci, kowace safiya kuma haske ya faɗo a kafaɗarta yadda yake so, sai ya ɗauki burushi, ya bar maganar sai gobe.

Lenore, sa rigarki, mu tafi asibiti.