Wayar da ke Kiran Mamaci Shan Magani

Ummu Hisham ta hau benen kamfanin manhajar waya da ke unguwar Sidi Gabir tana haki, ta buga wayarta a kan teburin farko da ta tarar.

"Wane mara tarbiyyar ne ya ƙera wannan abu?"

Manhajar tuna shan magani ce. Ɗanta ya sa mata ita lokacin jinyar mijinta Fikri. Da ya rasu ta danna ta cire katin sunansa daga manhajar, hotonsa ya ɓace daga fuskar waya. Amma kullum ƙarfe huɗu sai wayar ta buɗe baki: "Lokacin maganin Fikri ya yi." Jiya, ranar addu'ar arba'in, ta faɗe shi sau bakwai a gaban dangin miji. Yayarsa Sumayya ta ajiye kofin gahawa ta ce, "Ikon Allah, da ransa ba a kula haka ba."

Manaja Midhat ya fito yana gyara kwala. "Hajiya, ki aiko da koke a rubuce."

"Da na iya rubutu zan hau tarago tun daga unguwar Bakus? Kauce, mai tumbi!"

Injiniya Rihab, wadda ta rubuta sashen tunatarwar, ta karɓi wayar ta jona da kwamfutarta. Fuskarta ta sauya.

"Mama, kin sake mayar da katin ne?"

"Sau shida! In mayar in cire, ko zai yi shiru."

"To, ga matsalar. Duk shigar katin yana kunna agogo a ɓoye. In ya fita kuma, ba mu rubuta masa ya kashe agogonsa ba. Shi ya sa suka taru bakwai."

Ummu Hisham ta tafa hannu. "Wato kun kwashe tukunya kun bar gas a kunne! Uwarki ba ta koya miki ba? Wanda ya kunna shi ke kashewa, ko jikata ta san wannan."

"Ba a yi tunanin za a cire mutum ba," in ji Midhat.

"Kuna sayar wa marasa lafiya kaya, ba ku yi tunanin mutuwa ba? Kai, Allah ya sawwaƙe!"

Rihab ta juya ga kwamfutarta. Ta ƙara layi uku a rubutun manhajar, ta kashe tsofaffin agogunan ɗaya bayan ɗaya. Midhat ya ce sai Lahadi za a saki gyaran.

"Tawa yau za a gyara. Kawo min kujera."

Ta zauna da jaka a cinya, ta ƙi shayinsu. Huɗu saura minti ɗaya ofishin ya yi tsit. Huɗu ta buga, ta gota. Wayar ba ta ce komai ba.

Ta daɗe tana kallonta, ta share ido da bakin mayafi cikin fushi.

"Layi uku," ta ce wa Rihab. "Kwana arba'in kuka hana ni makoki saboda layi uku. Ranar Lahadi zan dawo in ji ko kun sakar wa sauran mata masu takaba mazajensu."