Karan da Inna Larai Ta Sauya

Inna Larai ta Rimawa tana da tsohuwar a-kori-kura wadda take kai albasa kasuwar Wurno da ita. Da motar ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, direbanta Mode ya lallaɓa ta zuwa garejin Ƙasimu a Goronyo, aka sauke inji aka sa sabon ringi. A rana ta uku Inna Larai ta zo da kanta, ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta ajiye ƙwaryar furarta, ta ce ba inda za ta sai da motarta.

Saura aiki ɗaya, saita taimin. Ƙasimu ya yi mata bayani ko da ba ta tambaya ba: dole fistan na ɗaya ya hau can ƙololuwa kafin a ɗaura sarƙar da ke buɗe bawul tana rufewa, in ba haka ba inji zai riƙa shaƙa a lokacin da ya kamata ya fesar. Alamar da ke jikin injin ta daɗe da gogewa, amma Ƙasimu yana da dabararsa. Ya cire fulogi, ya zura karan gero a ramin, ya juya inji da sifana har karan ya daina hawa, sannan ya ja masa layi da gawayi daidai bakin ramin. Ana cikin haka aka kira azahar, shi da Mode suka tafi masallaci.

Suna tafiya wata akuya ta tsoma baki cikin furar. Inna Larai ta waiga neman abin duka, ba ta ga komai kusa ba sai karan da ke tsaye cikin inji. Ta fizge shi ta shauɗa wa akuyar, ya karye biyu. Ta daɗe tana kallon guntayen. Daga nan ta je danga ta zaro wani karan, ta ja masa layi a inda ta ga ya fi kyau, ta soka shi a ramin, ta koma tabarmarta.

Da Ƙasimu ya dawo ya ga layin ya haura bakin rami da yatsu biyu.

"Mode, wa yat taɓa min inji?"

"Ai tare munka tahi, Malam Ƙasimu."

"Kahin mu tahi ka jingina da motar. Na gane ka."

Ya juya inji har layin ya sauko, ya ɗaura sarƙa, ya ɗaure komai. Ya sunkuya kan kafireta ya ce Mode ya murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi wata ƙara irin ta bindigar toka, wuta ta fito ta lashe gefen gemun Ƙasimu na dama. Jakin wani mai itace da ke wucewa ya zubar da kayansa ya nufi gulbi.

Ƙasimu ya shafa gemunsa. Shekara talatin yana kanikanci, kuma ga masu faci da masu walda sun taru suna kallo. Ya sake kwancewa, ya sake daidaita layin da bakin rami, wannan karon har da rufe ido ɗaya. Aka murza makulli, ƙarar ta fito ta salansa, kajin maƙwabta suka watse.

Inna Larai ta gyara zama. "Ƙasimu, halan karan ga bai gaji ba?"

"Kara ba shi gajiya, Inna."

"Ni dai na ga kamar ya rame."

Bai kula ta ba. Ya kwance karo na uku, gumi na ɗiga daga hancinsa, ya zaro karan don ya goge shi. Nan ya tsaya. Ya juya shi, ya ɓantari ƙarshensa ya tauna.

"Wanga karan dawa na," ya ce. "Ni na gero nis sa."

Ya dubi Mode, Mode ya dubi Inna Larai, ita kuma ta dubi reshen dogon yaro.

"Inna, mi yaf faru da muna masallaci?"

"Akuya ta," in ji ta. "Ko so kakai in bar mata hurata? Kuma ai na maido maka wanda yah hi naka kauri. Layin ma nawa ya hi naka miƙewa."

Masu faci suka fashe da dariya. Ƙasimu ya zauna a kan tsohuwar taya har dariyar ta lafa, sannan ya tashi ya miƙa mata karan.

"Tunda kin shigo sana'a, taso. Riƙe shi nan. Ni zan juya, in ya daina hawa ki hwaɗa min."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta kama karan da hannu biyu. Yana juyawa tana ba da labari: shina hawa, shina hawa, ya rage sauri, ya tsaya. Ya sa ta maimaita sau uku kafin ya ɗaura sarƙa. Da Mode ya murza makulli Ƙasimu ya koma bayan bishiya, amma injin ya tashi bugu ɗaya, yana gurnani a hankali.

Bayan la'asar suka kama hanyar Rimawa, Inna Larai a gidan gaba, tafukan hannunta baƙi ƙirin da baƙin mai. Ta ƙi wanke su. A ƙofar gida mijinta Abdulƙadiri ya tambaye ta mene ne ya riƙe su haka.

"Taimin na," ta ce. "Ƙasimu ya yi sau biyu bai samu ba, sai da nis sa hannu."