Ishbel Ba Ta Ji Hayaƙi Ba

Saura kiris in fasa rubuta wannan, don kowa a tsibirin Islay zai gane wace ce Ishbel.

Ranar da saurayinta Ruari zai kai ta gaida mahaifinsa, tun safe ta shanya rigar sanyinta a iska. A gidan su Ishbel har yanzu busasshiyar ƙasar fadama suke ƙonawa a madadin itace, tana kunyar a ji ta da ƙauri. So take mahaifin nasa, tsoho Dugald, ya yarda da ita, ga shi an ce ba ya yaba kowa. Shi ne mai hura wutar da ke busar da sha'ir a gidan yin giyar wiski, da irin wannan ƙasar.

Da suka zauna, tsohon ya zuba mata wiski kaɗan a kofi, ya ɗiga ruwa.

"Hanci tukuna, yarinya. Me kika ji?"

Ruari ya koya mata amsa a hanya: hayaƙi, gishirin teku, sai zaƙi daga baya. Ta kai hanci, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Gishirin ya zo, zaƙin ma ya leƙo. Hayaƙi kuwa ko alama. Kunya ta kwashe duk abin da ta haddace, bakinta ya saki gaskiya.

"Baba, ai babu hayaƙi."

Ruari ya dafe goshi. "Shi ke nan, kin kashe mu."

"Babu?" in ji tsohon. "To ni me nake yi tun ina saurayi, dafa shayi?"

Don ta toshe bakinta sai ta kurɓa, da yawa kuwa. Wuta ta bi maƙogwaronta, hawaye suka zubo. Da tarin ya lafa, wani ɗumi ya zauna mata a ƙirji, irin na shigowa gida daga ruwan sama.

"Kamar ɗakinmu ne kawai," ta ce a hankali.

Dugald ya matso, ya kama hannun rigarta ya sunsuna. Ta so ƙasa ta tsage.

"Kai, sakarai," ya ce wa ɗansa, "ai baƙo ne ke jin hayaƙi. Wannan a cikinsa aka haife ta. Yarinya, ko a gangar wiski na zuba ki, sayuwa za ki yi."

Ya ƙara mata. Wannan karon ta sha kamar mutum.

Washegari da safe ta ɗauko rigar, ta rataye ta dab da murhu.