Saiwoyin da Na Mayar wa Dragutin

Bara maƙwabcina Dragutin ya sare sarƙaƙiyar gonarsa, ya watso rassan cikin ciyawar da marigayiya matata Stana ta shuka a ƙofar gida. Suka kama ƙasa, suka shaƙe rabinta.

Na ce, "Dragutin, zo ka kwashe ƙayarka."

Ya ce, "Haba tsoho, an ba ka shuka kyauta, har da ƙorafi?"

Na tone saiwoyin kaf, na jiƙa su a bokiti. Ranar da ya kai aladensa kasuwa, na binne su a gindin inabinsa.

Bana ya leƙo ta shinge, hannuwansa duk jini. "Daga ina wannan masifa?"

Na ce, "Kyauta ce, maƙwabci. Har da ƙorafi?"