Tarwadar da Alhaji Kailu Ya Tausaya wa

Tun da mijina Alhaji Kailu ya kwana tara a likita da robar iska a hanci, ya dawo gida da sabon hali: ba ya iya ganin mai rai yana haki. Ban ga laifinsa ba. Ni na zauna a gefen gadon, na ga irin wuyar da ya sha kafin numfashi ɗaya ya shiga.

Ranar Asabar na je kasuwar Treichville na sayo tarwada mai rai, ƙatuwa, don miyar acake, wato dambun rogo. Shekara ashirin da shida ina wannan aikin a gidanmu na Bromakoté. A naɗe ta da tsumma, a kwantar, bugu ɗaya da taɓarya a tsakiyar kai, ba ta ma san an yi ba. Na ɗaga taɓarya ke nan sai ga Alhaji.

"Sa'a! Attends, tsaya! Baiwar Allah za ki fasa wa kai haka?"

"Alhaji, ci fa za mu yi."

"Za mu ci, amma da rahama. Ba za ta wahala a gidana ba."

Ya karɓe taɓaryar ya jingine. Famfo kuwa ya ɗauke tun asuba, bokiti ɗaya ya rage mana. Na ce a saka tarwadar ciki, ya ce ai yanzun nan za a gama. Ya ɗora ta a faranti, ya hau kiran abokansa a waya.

Abdulmutallib, mai fito da kaya a tashar jirgin ruwa, shi ya fara zuwa. Ya ce Turawa ƙanƙara suke sa kifi a ciki ya yi barci. "C'est propre, Alhaji, tsaf-tsaf, ba jini!" Malam Fatihu na masallacinmu ya ce kifi ba ya buƙatar yanka, amma sanyi azaba ne. Ɗantani mai shagon wayoyi ya nuna musu bidiyon wani mutum yana soka wa kifi tsinke a ƙwaƙwalwa. Nan aka tsaya musu a kan inda ƙwaƙwalwar tarwada take. Maza huɗu, babu wanda ya taɓa fere ko doya, kowa ya zama gwani.

Musu yana sa ƙishi. Aka ɗebi ruwan bokitina aka dafa shayi, zagaye uku. Azahar ta yi, aka yi alwala da sauran. Abdulmutallib ya tafi wajen Mairie, ofishin magajin gari, neman ƙanƙara, cunkoso ya riƙe shi. Ni dai ina bakin murhu, raina yana tafasa fiye da tukunyar, don tarwada ba ta mutuwa da wuri.

Da la'asar ta kusa na gaji. "Alhaji, zo ka ga baƙuwarka."

Ya zo ya durƙusa. Fatarta ta bushe, ƙudaje sun sauka. Bakin yana buɗewa a hankali, ya rufe, ya daɗe, ya sake buɗewa. Alhaji ya san wannan abin, ya fi kowa a gidan saninsa. Na ga hannunsa ya tafi ƙirjinsa, sai fushina ya koma tausayi.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun ƙarfe sha ɗaya."

Da kansa ya ɗauko taɓaryar ya miƙo mini. "Sa'a, don Allah, yi sauri."

Na naɗa tsumma, na ɗaga taɓaryar. Tun ban buga ba, bakin ya rufe, bai sake buɗewa ba.

Daidai nan Abdulmutallib ya shigo da leda tana ɗiga. "Voilà! Na samo glas, ga ƙanƙara!"

Alhaji bai ko waiwaya ba. Yana durƙushe ya ce, "Ni, da na fara haki, minti goma ba a yi ba aka sa mini roba."