Tattabarun da Baba Ya Bari

Keith ya riga ya ɓamɓare rabin rufin ɗakin tattabarun lokacin da wayar yayarsa Maureen ta yi ƙara. Alf ne, abokin marigayi babansu, wanda wasiyya ta ce a ba shi tsuntsayen goma sha huɗu. Ranar Litinin ta kai masa su garin Goole da kanta, cikin kwanduna biyu.

"Maureen, 'yar nan, kar ki ji haushina," in ji Alf. "Ƙofa na buɗe zan canja musu ruwa, suka bi ta kaina. Ko ɗaya ba ta rage ba."

"Ina suka nufa?"

"Ina kuwa? Gida mana. Ki ba su minti arba'in."

Ta kashe wayar. Abu biyu Baba ya rubuta: a kai wa Alf tattabaru, a rushe ɗakinsu a mayar wa kwamitin lambuna filinsa. Da ƙarfe sha biyu Misis Hepworth ta kwamitin za ta zo karɓar makulli. Yanzu sha ɗaya da kwata.

Ranar da lauya ya gaya mata ita ce mai zartar da wasiyyar, tsoron kalmar ma ya kama ta. Ya yi murmushi ya ce kalmar ta Turanci asalinta daga harshen Latin ne, ma'anarta bin abu har ƙarshensa, ba wani abu ba. Tun ranar take bi. Ta rufe gidan, ta raba kayan sawa, ba ta tsallake layi ɗaya ba.

"Keith, dakata. Suna hanya."

Ya leƙo daga saman tsani. "Su wa?"

"Tattabarun. Sun gudo."

Ya yi dariya har guduma ta kusa suɓuce masa. "To, uwar bin doka, me takardarki ta ce a kan wannan?"

"Ba ta ce komai ba."

"Sai mu ƙarasa. In suka zo ba ɗaki, za su koma."

"Ba za su koma ba, ka sani. A ƙasa za su zauna suna jira, ga kyanwoyin maƙwabciya Doreen can a kan shinge."

"Baba ya zaɓe ki ne don ba kya musu, Mo. Yau kuma za ki fara?"

Maureen ta ɗaga kai. Sama take kallo ta wajen hasumiyar coci. In ta riƙe filin, ta saɓa wa Baba, ga mutane sun shekara uku suna jiran a ba su. Ita kuma a bene na huɗu take haya, ko taga mai kyau ba ta da ita.

Sha biyu saura biyar suka bayyana, a dunƙule, suka zagaya lambun sau biyu. Shuɗiyar nan da Baba yake kira Duchess ta sauko daidai inda katakon sauka yake a da, ba ta sami komai ba, ta sake tashi.

Ƙofar lambu ta yi ƙara. Misis Hepworth ce, da wasu mata da miji da za a ba filin, riƙe da sabuwar shebur.

Maureen ta taɓa makullin a aljihunta, ta bar shi a nan. Ta ɗauko katakon daga cikin ciyawa ta miƙa wa Keith.

"Riƙe nan. Ba ni gudumar."

"Mo, ga matar nan fa."

"Na gan ta. Riƙe daidai, ya karkace."